Dutsen Niƙan da Jainti Ta Hana Alkama

An daɗe ana cewa a garinmu Jainti Devi mai niƙa tana da duwatsu biyu, babba na kowa, ƙarami na masu asali. Tsohuwar tana shirin barin aiki, maganar kuma na shirin bin ta gida. Ni ban cika karɓar "an ce" ba, sai na ɗebi alkama na hau tudun gidanta. In dai asali ake dubawa, nawa ya isa.

Na tarar da ita kamar kullum: ta jiƙa tamba ta tsira, ta shanya, ta soya sama-sama, tana tankaɗe garin da farin ƙyalle.

"A ƙaramin nake so," na ce.

"Didi," ta ce, wato yaya a harshenmu, "ko ke kika haifi firaminista, babban za ki bi."

Ban gama zama ba, Hansi surukar majemi, gidan da ake raina wa asali a garinmu, ta shigo da goyo da ƙullin tamba, ta rakuɓe a bakin ƙofa. Jainti ta wanke hannu har gwiwa, ta yaye wa ƙaramin dutse mayafinsa.

"Matso, 'yata, dutse ba ya cizo. Ya cika wata shida? To, cokali ɗaya da safe, ruwa-ruwa, ba gishiri ba suga. Kuma kar ki janye masa nono don uwar mijinki ta gaji da wanke-wanke."

Maƙwabta ne suka ba ni sauran. Girish ɗan Jainti, tun yana ƙarami, yana fara cin gurasar alkama ya kama zawo, ciki ya kumbura, ƙafafu suka tsotse. Aka ce baki ne. Likitan birni ya ce alkama ce, ko ƙurarta kada ta shiga cikinsa. Tamba ta tashe shi. Yau shi ke jan motar haya.

Na koma na ce wa Jainti ai ba kowane yaro alkama ke cutarwa ba.

"Na sani. Ke kina gane wanne ne a fuska?"

Jainti, ke ce kika bari aka ɓata miki suna, ba ki bari an ɓata dutsen ba. Mun gode. Ku kuma masu injin niƙa na bakin titi, ina roƙon kowa ya ware ko da turmi ɗaya da alkama ba za ta shiga ba.

Ƙaramin dutsen na jarirai ne, na kowane gida. Alkama ba ta taɓa hawansa ba.