Ɗantani Ya Kayar da Babur

Shekara da shekaru ina yi wa Ɗantani aski, don haka in na ce mutumin nan yana da taurin kai, ba jita-jita nake ba ku ba. A ƙauyenmu na da, wanda yanzu yake ƙarƙashin ruwan Tiga, abu biyu aka san shi da su.

Na farko kayar da sa. Ranar kasuwar Tudun Wada, in mahauta sun sayi bijimin da ya ƙi hawa mota, Ɗantani ake aika wa. Gajere ne, ba wani ƙirjin a zo a gani, amma zai zagaya da igiya, ya fizgi ƙafa, ya murɗe ƙaho, kafin ka ce kwabo sa ya kai ƙasa yana huci. Ya ɗaure shi tamau, a ja a kwantar a mota.

Na biyu dawarsa. Wata kaura ce mai manyan ƙwaya, ja-ja kamar goro, wadda kakansa ya sauko da ita daga duwatsun Doguwa. Tuwonta kuwa, kai, sai wanda ya ci. In ka je gidansa zai cika ka da tuwon har ka kasa tashi, amma iri, ko ƙwaya. Da kaka kowa kan kawo wa wanzami damin dawa, shi gero yake kawo mini, don kada in sami zangarniya ɗaya in shuka. Duk ƙasar ba mai wannan dawa sai shi, kuma haka yake so.

Sai aka yi fari. Abin da aka girba bai kai mu ko tsakiyar rani ba, rumbuna suka zama wayam. A gidan Ɗantani an cinye komai, sai buhu guda na zangarniyar da ya ware don iri. Matarsa Luba ta sha kallon buhun nan da yunwa a idonta, amma ba ta taɓa kai hannu ba. Ana cikin haka aka ce mu tashi, an gama madatsar ruwa, da damina ruwa zai cinye garin.

Babban ɗansa Mahmudu lebura ne a wajen aikin madatsar, a can ya samu ya sayi wani jan babur. Ɗantani ba ya faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ya ce yaron nan. Ranar da za mu tashi tayar babur ɗin ta yi faci, Mahmudu kuma dole ya tafi aiki. Ya durƙusa ya ce, "Baba, a sa mini shi a mota. Don Allah a bi shi a hankali, kada fenti ya goge."

Motar da ta zo kwasar gidajenmu biyu akori-kurar Labaran ce, wani direba ɗan Doguwa. Saboda ramukan hanyarsu ya sa an ƙara mata sifirin, ta ɗaga sama ƙwarai, bodinta ya kai ƙirjin mutum. Muka loda tukwane, da turmi, da gadon kara. Buhun iri kuwa Ɗantani da kansa ya hau ya ajiye shi a lungun gaba, bayan kan direba, inda ba abin da zai taɓa shi. Labaran ya ce bari ya je ya yi azahar ya sha fura, in ya dawo a san yadda za a yi da babur.

Ɗantani ba ya jiran mutum. Muka jingina ƙyauren ɗaki a bakin bodi muka tura babur, ƙyauren ya yi gajarta, babur ya dawo mana da baya, saura kaɗan ya karya mini ƙafa. Na ce a jira mai mota. Ya harare ni.

"Wanzam, wannan abin ya kai bijimi nauyi?"

"Bai kai ba."

"To matsa ka ba ni wuri."

Ya sa matasan unguwa suka tura motar da baya har gindin tudun juji, yadda ake yi wa motar shanu a kasuwa, bakin bodi ya zo daidai da tudun. Ya kama kan babur ɗin kamar ƙaho, ya gangaro da shi ciki lami lafiya. Har nan ba wanda zai ce ya yi kuskure. Amma a sanin Ɗantani, duk abin da zai yi tafiya a ƙaramar mota kwantar da shi ake yi, in ba haka ba zai faɗo a hanya. Ya shimfiɗa tabarma saboda fenti, ya kayar da babur a kan gefensa, kai wajen gaba, tanki ya jingina da buhun iri don ya sami taushi. Ya ɗaure tayar gaba da ta baya, ya ja igiya ya ƙulle. Ya yafa bargo a kai saboda rana, muka tara sauran kaya a gefe.

Da Labaran ya dawo ya tambaya ina babur, aka ce yana ciki. Ya ga ɗauri mai kyau, ya ce, "Sannu da aiki, Baba," ya ta da mota.

Hanyar ba hanya ba ce, rami ne bayan rami. Ina zaune a kan turmi na ji warin fetur, Luba ma ta toshe hanci da mayafi. Muka ce warin mota ne. Mu da ba mu saba shiga mota ba, me muka sani?

A sabon matsuguni Mahmudu na tsaye yana jiranmu. Ya yaye bargo, ya ga baburinsa a ɗaure kamar na layya, ya riƙe baki. Da aka ta da shi tsaye ya jijjiga, ya buɗe tanki ya leƙa.

"Baba, jiya fa na cika shi da mai."

Muka dubi buhun iri. Luba ce ta ja buhun, ta kwance bakinsa, ta sa hannu har gwiwar hannu. Ta fito da zangarniya a jiƙe, tana sheƙi. Ta ce, "Innalillahi. Malam, zo ka gani."

Ya zo ya gani. Bai yi wa kowa faɗa ba, to wa zai yi wa? Ya sussuke dawar, ya wanke da ruwa, ya cuɗa da toka, ya shanya a rana, ya sake wankewa. Warin na nan. Ya watsa wa kaji kaɗan, suka zo suka leƙa suka juya. Na ce masa, "Ɗantani, ko kaji sun ƙi." Ya ce kaji ba manoma ba ne.

Ruwan farko na sauka ya shuka ta a sabuwar gonar da aka yanka masa. Shukar kowa ta fito, gonarsa ƙasa ce zalla. Ya riƙa bi yana tone ramukan da yatsa, yana fito da ƙwaya baƙa, ruɓaɓɓiya. Maƙwabta suka kawo masa iri a ƙwarya, ya yi godiya ya mayar. Luba dai ba ta tsaya jayayya da shi ba, ta karɓi gero a wurin ƙanwarta, ita da Mahmudu suka shuka rabin gonar, don kada gidan ya kwana da yunwa. Wallahi ya ba ni tausayi a kwanakin nan, ko da yake ban faɗa masa ba, don ba zai so ba.

Wata safiya ina tsakiyar yi masa aski sai ya ɗaga kai, har na kusa yankarsa. Ya ce, "Gyauro." Ai kuwa, duk gonar da aka girbe dawa, ƙwayar da ta zube takan fito da kanta in ruwa ya sauka. Tsohuwar gonarsa tana can, in dai ruwan Tiga bai riga shi ba. Mahmudu ya ce zai kai shi a babur. Ɗantani ya dubi babur ɗin, ya saɓa gora ya tafi a ƙafa.

Da la'asar sakaliya ya dawo, wando a jiƙe har ƙugu, da damin 'yan shuke-shuke a ka, naɗe da jiƙaƙƙen buhu. Ya ce ruwa ya shanye gidaje har rabin katanga, gonaki ma sun nutse, gambar da ke kan iyaka duk ba a ganinta. Amma akwai ɗan tudu da ya rage, ya kutsa ruwa ya kai gare shi, ya tarar da gyauro ya tsiro. Ya rantse gefen gonarsa ne. Ni dai na san gonata ce ke sama da tasa, amma ƙaramar dawa duk kamarta ɗaya, ban da abin cewa.

Ya dasa su a bayan gida, ya kewaye da ƙaya. Wasu suka mutu, wasu suka kama. Mutumin da ke tafiya Tudun Wada duk mako ya daina zuwa, mahauta suka aiko har suka gaji. Taki da hannu yake zuba musu. Akuyar da ta kuskura ta leƙa wurin, sai mai ita ya zo ya kwance ta. Shuke-shuken suka yi kara, suka yi tsawo, suka yi ciki, suka fitar da kai. Tun ƙwaya na ruwa-ruwa yake zuwa yana leƙe, yana cewa ai ja sai ta nuna take fitowa.

Ranar da ta nuna ya aiko in zo. Na same shi tsaye a cikin shingen, Luba na bayansa da ƙwarya. Ya karyo zangarniya ɗaya, ya murje a tafin hannu, ya hure ƙaiƙayi. Fara ce sol. Farfara ce, irin wadda ake aunawa a kowace kasuwa. Ya karyo wata daga can ƙarshe, ya murje, ita ma haka.

"Wanzam, tudun nan gonarka ce ko?"

"Tawa ce."

Ya daɗe yana juya ƙwayar da babban yatsa. Sannan ya zuba a ƙwaryar Luba, ya kakkaɓe hannu, ya ce gobe a yanke. Luba ta dubi zangarniyoyin ta ce, "Malam, wacce za a ware ta iri?"

Ya riga ya kai bakin shinge. Bai waiwayo ba.

"Ware ko wacce."