Kocin Da Na Kora Da Bakina

Ko tsufa zai kwashe komai daga kaina, ban yi zaton zai iya ɗauke kwana biyun da na yi ina neman ƙanena a daji ba. Shekaru sun wuce, amma har yau in na ji ana gardamar za a kori koci ko ba za a kora ba, sai kwanakin nan su dawo mini.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Dogon Dutsi. Gidanmu ruga ce kusa da Kieche, amma tun ina ƙarami aka kai ni gari karatu, na taso Fulatancina rabi da rabi, sandar kiwo kuwa ban san nauyinta ba. Abin da na iya shi ne ƙwallo, ita ma da baki. A fadarmu, inda muke shan shayi bayan la'asar, in na fara sharhi a kan ƙungiyar ƙasa har mai dafa shayin sai ya daina fifita. Ban taɓa buga wasan kirki ba, amma babu kocin da ban gyara masa aikinsa ba.

Ƙanena ne mai ƙafar. Shekararsa ashirin da ɗaya, yana tsaron baya a wata ƙungiya a Dosso. A wani wasa kocin ƙungiyar ƙasa ya gan shi, ya sa aka karɓi lambar wayarsa, ya ce in za a tara 'yan wasan gida cikin damina zai neme shi. Yaron ya dawo hutu yana kwana da wayar a ƙarƙashin kai.

Sai ƙungiyar ƙasa ta sha kashi sau biyu a jere, gari ya ɗauka cewa kwanan kocin ya ƙare. Wasu suka ce wani Bature da ya yi aiki a ƙasar maƙwabta za a kawo, wasu suka ce tsohon kyaftin ne, wasu kuma suka rantse kocin wata ƙungiyar Yamai har ya ɗinka kwat. Ni na tsaya a kan Baturen. Hujjata duka wani saƙon murya ne da ya shigo wayata, wanda har yau ban san mai muryar ba. Amma yadda nake faɗa a fada, sai ka ce da ni aka yi zaman.

Ruwa ya sauka, gero ya fara tsiro, lokacin da dole shanu su bar kusa da gonaki su bi burtali su yi arewa. Ɗan baffanmu da ya saba tafiya da garkenmu ya yi aure ya ware nasa, Baba kuma gwiwa ta hana shi doguwar tafiya. Ya aika aka kira ni, muka zauna mu uku a gindin gawo.

Ya ce, "Kai ka yi lakwal, kai ka jin rediyo. Mutumen ga da yac ce zai kiran yaron ga, shina nan ko ba shi nan? In shina nan, in nemi wani ko da da wahala. In ba shi nan, shi ɗauki sanda."

Na ce, "Baba, sati guda ba shi ƙarawa. An gama maganatai a Yamai. Wanda za a kawo kuwa bai san da zaman ƙanena ba."

Ƙanena ya dube ni. Hamma yake ce mini, kamar yadda ake kiran babban wa a gidanmu. Ya ce, "Hamma, ka tabbata? In ba ka tabbata ba ka hwaɗi, in jira."

Kalma uku kawai ake nema a wurina: ban sani ba. Amma mutumin da fada ke yi wa shiru ba ya faɗin haka a gaban ubansa. Na ce na tabbata. Washegari ya miƙo mini wayarsa ya ce in ajiye, tunda can babu rezo, waya ba ta kamawa, kuma babu inda zai sa mata wuta, ya bi bayan shanun bai waiwayo ba.

Sati ya wuce ba a kori kowa ba. Sati biyu suka wuce. Ranar wata Litinin ina tsakar bayyana wa 'yan fada dalilin da ya sa sanarwar ta yi jinkiri, sai wayar ƙanena ta yi ƙara a aljihuna. Mataimakin kocin ne. Ya ce sunan yaron ya fito, ana son ganinsa a sansani a Yamai ranar Alhamis kafin azahar, wanda bai zo ba za a sa wani a gurbinsa. Na ce to, zai zo. Kofin shayin da ke hannuna ban san lokacin da ya zube a wandona ba.

Abin da ya kamata in yi shi ne in biya ruga in tambayi Baba hanyar da suka bi da wanda suke tare. Kunya ta hana ni. Talata da asuba na cika motona, wato babur ɗina, da mai, na wuce Matankari na yi arewa, ina gaya wa kaina garke guda ba allura ba ne.

Ashe ban san komai ba. Duk makiyayin da na tsaya wurinsa, sai ya dubi moton, ya dubi wandona da takalmina, ya ce bai ga kowa ba. Baƙo a kan moto yana tambayar inda shanu suka kwana, ko ɓarawo ne ya zo leƙe, ko kuma ɗan hukuma ne da ƙarar ɓarnar gona. Na faɗi sunan Baba, na faɗi sunan ƙanena, a banza. Rana tana tafiya, ni kuma ina ta lissafin awoyi, ga laka tana kama tayar moton.

Da la'asar, bayan Dogon Kiriya, na iske wata tsohuwa tana wanke ƙorai a bakin tabki. Na gaishe ta da ɗan Fulatancina, ta amsa da Hausa, abin da ya nuna mini matsayin da ta ba ni. Na zayyana mata komai, har da koci da Alhamis.

Ta ce, "Kac ce shanun gidanku na. To, mi a shaidar kunnensu?"

Kowane gida da irin yankan da yake yi wa kunnen dabbobinsa, wannan na sani. Amma namu? Ban taɓa lura ba.

Ta ce, "To, wace saniya ka jan gaba?"

Ni da zan iya jero mata sunan duk wanda ake zancen ba shi ƙungiyar ƙasa, da inda ya yi aiki, da irin tsarin da yake so, ban san saniyar da ke jan garken ubana ba. Ta ɗauki ƙoranta ta ce, "Ɗana, Allah shi ba ka sa'a. Ni ban ga kowa ba."

Na kwana a wani ƙauye, barci dai sunansa kawai. Laraba da safe aka nuna mini wani tudu da ake samun rezo, sai da na yi kusan awa biyu ina komawa baya kafin in kai. Na kira maƙwabcinmu, ya kai wa Inna wayar. Dole na faɗa mata gaskiya duka. 

Ta ce, "Tsaga biyu ga kunnen dama, na hagu an yanke bakinai. Mai jan gaba ja ce, ƙahonta guda ya karye. Nonon uwarta kas sha har anka kai ka lakwal." Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na koma tabkin, tsohuwar tana nan. Na karanto mata kamar ɗalibi a gaban allo. Ta yi murmushi ta ce jiya da hantsi suka sha ruwa a nan, lokacin da nake roƙonta suna bayan tudun da ke gabanmu, amma yau da safe sun ƙara gaba. Ta nuna mini sawunsu. Na ji kamar in zauna a lakar in yi kuka: yini guda cur na zubar saboda kunnen saniya.

Rana ta karkata sosai lokacin da na hango jar saniyar. Ƙanena yana tsaye da malafa, ya rame, ƙafarsa duk ƙaya. Ban ko kashe moton ba na ce an kira shi, gobe kafin azahar. Na ga idonsa ya yi haske, sai kuma ya juya ya dubi shanun.

Ya ce, "Hamma, wa ka riƙe su? Garso ba shi yarda a bar garke ba mai shi. In nit tahi sunka shiga gonar mutane, Baba za a kama." Garso shi ne jagoran tafiyar, kowa kuma nasa garken ya ishe shi.

Bai ce mini kai ka jawo ba, har yau bai taɓa faɗa ba. Na sauka na miƙa masa makullin moton da wayarsa, na karɓi sandar da malafar. Garson ya zo ya ƙare mini kallo daga takalmi har kai, ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Mushe, in ka ga ja ta tsaya, kai ma ka tsaya. Ta hi ka sanin hanya."

Ƙanena ya tafi, hadari yana haɗuwa a gabas. Ga laka, ga man moton da ban tabbata zai kai shi ba, ga motar safe daga Dogon Dutsi da ba ta jiran kowa. Kwana tara na yi ban san ko ya isa ba. Ƙafafuna suka yi bororo, shanu suka raina ni, amma duk wannan bai dame ni ba kamar tunanin ko azahar ta riske shi a hanya.

Ran na tara da yamma garson ya kira ni, ya miƙo ƙaramar rediyonsa da yake ɗaure da igiya. Ana karanta sunayen waɗanda aka zaɓa bayan atisaye. Muryar tana zuwa tana ɗaukewa. Aka gama masu tsaron gida, aka shiga masu tsaron baya, na ɗaya, na biyu, na uku, ban ji ba. Sai na ji sunansa, da sunan Baba a bayansa. Na durƙusa a tsakiyar shanu na yi kukan da na riƙe tun bakin tabki.

Ya sa rigar ƙasa sau ɗaya, an sako shi ana gab da tashi wasa. Bayan wata biyu aka sallami kocin da gaske, kuma wanda aka kawo ba ya cikin ukun da muka yi ta rantsuwa a kansu. Sabon bai taɓa kiran ƙanena ba. Wannan karon shi ne rabonsa duka, kuma saura ƙiris in cinye masa shi da bakina. Rigar tana cikin akwatin Inna, ba ta bari kowa ya taɓa.

Abin da na koya shi ne, hasashe a fada daɗi gare shi saboda ana tashi kowa ya kakkaɓe wandonsa ya tafi gida, amma da zarar wani ya ɗora rayuwarsa a kan maganarka, ta daina zama hira. Har yanzu ina zuwa fada, har yanzu sukan ce, "Mushe, wa kake gani za a ba ƙungiyar?" Sai in ce ban sani ba. Amma ku tambaye ni shaidar kunnen shanunmu.