Gadon da Inna ta yarda da shi

"Wannan ai keji ne, ba gadon jariri ba!"

Haka Inna ta ce jiya a shagon kafinta, nan Jibiya. Daga Maraɗi ta ƙetaro boda don ta zauna da ni, saboda likita ya ce haihuwar nan sai an yi mini aiki. Ni nauyin barci gare ni, ina tsoron danne jariri. Ita kuwa ta rantse jikanta ba zai kwana nesa da jikin uwarsa ba. Kwana uku muna ja-in-ja, har kuka na yi a ɓoye.

Kafintan, wani dattijo, ya saurare mu tsaf. Sai ya kwance gefe ɗaya na gadon, ya tura gadon jikin benci.

"Hajiya, ku kishingiɗa nan, ku miƙa hannu."

Inna ta kishingiɗa, ta miƙa hannu, tafinta ya sauka tsakiyar 'yar katifar. Ta ɗago ta dube ni.

"To ɗiyata, in dai haka za a haɗa shi da gadonki, ɗauki."

Wallahi sai da na yi ajiyar zuciya. Ashe ni da ita abu ɗaya muke tsoro: kada wani abu ya sami jaririn.

Iyaye mata, ku a ina kuka kwantar da naku?