Ranar da Aka Ja Mini Kujera a Gidan Madubai

Akwai wani gidan cin abinci a Jidda, kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa, mu matan unguwar Hindawiyya gidan madubai muke ce masa. Sunansa na gaskiya na Turawa ne, harshena bai taɓa iya ɗaukarsa ba.

Da fari, wai rumfar gahawa ce ta masu sauke kaya. Mai rumfar, Allah ya jiƙansa, ya je ƙasar Faransa, ya ga yadda suke zama cin abinci, ya dawo da abin a ransa. Ya sa aka kawo masa madubai ta ruwa, kowanne ya fi mutum tsawo, da fitilun tagulla, da teburan marmara. Ya ɗinka wa masu kai abinci fararen riguna. Daga nan manya suka san hanya: attajirai, jakadu, masu jiragen ruwa.

Ni kuwa Hajji na zo da ƙuruciyata, ban koma ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba kafilin da zai tsaya mini. Wata 'yar Damagaram da ta girme ni, Yaya nake ce mata, ita ta kama hannuna ta kai ni ƙofar baya ta gidan. Can cikin wani lungu a bayan kicin muke shimfiɗa tabarma, mu ɓare jatan lande da tafarnuwa, mu goge tukwanen tagulla da lemon tsami da gishiri. Mai gidan bai taɓa tambayarmu takarda ba. In ya leƙo, abin da zai ce ke nan, "Hajiyoyina, kun ci?" Da wannan lungu na ciyar da 'ya'ya, da shi nake ciyar da jikoki tun da aka kama ubansu aka mayar da shi gida.

Tsoho ya rasu. Gidan ma ya tsufa. Gishirin teku ya ci bayan madubai, suka yi tabo-tabo, manya suka koma sababbin wurare a arewacin gari. Sai ɗansa ya rufe gida don gyara. Ya ce mana, "Ya hala," wato inna da Larabcinsu, "ku je ku huta. In an gama, in sha Allah."

Muna fita Yaya ta ce, "In sha Allahn nan ba gishiri a cikinsa."

Watanni suka shuɗe. Nakan bi ta wurin in leƙa ta tsakanin alluna. Na ga an ɗaga daɓen ƙasa dutse-dutse an mayar, na ga an kwantar da madubai kamar marasa lafiya ana sake musu baya. Ran nan muka ji an buɗe. Ba wanda ya aiko.

Yaya ta ce, "A garinku in maƙwabci ya gyara ɗaki, jira ake ya aiko? Barka ake zuwa."

Muka jiƙa shinkafa, muka soya waina, muka yi miyar taushe. 'Yata, haifaffiyar nan, tana dariya. "Ummi, wa ke kai abinci gidan sayar da abinci?"

"Wanda aka yi wa tarbiyya," in ji Yaya.

Bayan la'asar muka isa da kwano a ka. Ƙofar baya babu, an ja bango a wurinta. Muka kewaya, muka sake kewayawa. Dole muka shiga ta gaba, abin da ban taɓa yi ba tun zuwana. Madubai sun warke sarai. Kicin kuma an fito da shi fili, gilashi kaɗai ya raba shi da masu cin abinci, samari masu dogayen huluna suna aiki ana kallonsu. Inda tabarmarmu take, an jera kayan zaƙi ƙarƙashin fitila.

Ɗan mai gidan ya taso da sauri, ya sumbaci kawunanmu, ya ja mana kujeru da hannunsa. Aka kawo shayi. Ya buɗe kwano, ya ci waina da hannu, yana ba mu labarin ubansa har idonsa ya kawo ruwa.

Yaya ta mintsine ni a cinya. "Ke mai baki, tambaye shi."

Na ce, "Ɗana, yaushe za mu dawo bakin aiki?"

Ya dubi gilashin nan, ya daɗe. "Ya hala, yanzu kowa ganinsa ake yi. Wanda kuma ake gani, sai da iƙama da katin lafiya. Jatan landen ma a ɓare yake zuwa. Amma gidanku ne, ku zo ku ci duk ranar da kuka so."

Ban yi musu ba. Tun da ya ja kujerar nan jikina ya ba ni. Ɗan gida ba a ja masa kujera, baƙo ake ja wa.

Na shanye shayina. Barka muka zo, na yi barka: Allah ya sanya albarka, ya sa an shiga a sa'a, ya jiƙan mai asalin gida. Aka dawo mana da kwano a wanke, cike da kayan zaƙi. Jikoki suka sha a ranar. Mako na zagayowa na aza tiren gyaɗa a kasuwar Bab Makka, can nake har yau.