Kwamfutar da Ta Yi Shiru Don Sarewar Baffa Buba

Shekara tara Sha'aibu ya yi yana gyaran injin ban ruwa a bakin dam ɗin Tiga kafin ya san hanyar kunna kwamfuta. Manoman rani sun shaide shi da abu guda, ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Zai tsuguna ya kara kunne, ya yi tsit, can ya miƙe ya nuna inda ciwon yake. A goma yakan dace da tara. Da ya koma Tudun Wada ya buɗe situdiyo a wani shago mai taku shida a tsaye, huɗu a kwance, ya liƙe bangon da kwalin ƙwai ɗari biyu da goma sha huɗu, ya kafa makirfo ɗaya, ya shiga ɗaukar mawaƙan biki da masu bege da masu tallan sabulu.

Cikin shekara huɗu waƙa ɗari uku da ɗoriya ta fita daga shagon nan, duk a kan wata tsohuwar laftof mai zafin tsiya. Amma abin da ya fi so ya ɗauka ba ya cikinsu. Wan mahaifinsa, Baffa Buba, makiyayi ne a wata ruga ta wajen Ba'awa, kuma duk zuriyarsu shi kaɗai ya rage mai busa sarewa. Akwai wata doguwar busa da yake yi ranar da shanu za su tashi kiwon rani, sau ɗaya tak a shekara. In ya fara ba ya katsewa, in ya gama ba ya maimaitawa, ko wa ya roƙa.

Sau goma sha ɗaya Sha'aibu yana roƙo kafin tsohon ya yarda a ɗauka. Bara ya je da laftof ɗinsa, ana minti na bakwai ta sandare. Ɗan abin da ta kama ɗin ma, ƙugin fankarta ya danne muryar sarewar. Baffa bai ko kalle shi ba, ya ƙarasa busarsa ya soke sarewar a hannun riga. Bana kuma sai ga saƙo: numfashi ya fara gaza masa, wannan ce busarsa ta ƙarshe, shanu za su tashi nan da kwana goma sha shida.

Washegari Sha'aibu yana Kano, a shagon Abdulmumini mai sayar da kwamfutoci na hannu, tsohon abokin cinikinsa. Bai tambayi suna ko shekarar ƙira ba. Filash ya zaro daga aljihu, a ciki akwai waƙar biki mafi nauyi da ya taɓa haɗawa, layin sauti arba'in da biyu na ganguna da fiyano da 'yan amshi. Kowace kwamfuta aka ɗauko, sai ya ɗora mata layukan ɗaya bayan ɗaya yana ƙirgawa, kunnensa a jikinta. Lissafinsa mai sauƙi ne: wadda ta ɗauki arba'in ba ta yi haki ba, sarewa guda ba za ta tayar mata da fanka ba.

Ta farko ta fara in'ina a layi na sha tara. Ta biyu ta kai ashirin da shida. Abdulmumini ya gaji, ya shiga ciki ya fito da wata baƙa mai fitilu ja da kore, irin ta masu wasan gem. Ita kam ta kwashe arba'in da biyun duka ko gezau, sai dai fankarta ta tashi kamar injin markaɗe.

"Maigida, wannan 'yar biki ce, ita ma so take a ji ta," in ji Sha'aibu. "Ni mai sauraro nake nema."

"To sai ka je Islamiyya ka auro ta," Abdulmumini ya ce. "Tun safe kana kara kunne kamar unguwarzoma."

Ta tara ce ta yi masa, wata toka-toka irin ta ofis, gefenta a tsage, harafi biyu na madannanta sun goge. A layi na talatin da ɗaya ta tsaya, amma ko da ta tsaya ba ta ɗaga murya ba. Ya sa aka buɗe bayanta, ya ga gurbin ram, wato inda take riƙe aikin da take kai, biyu ne, ɗaya babu komai. Nan ya san ƙarfi tana da shi, wurin ajiye kaya ne ya yi mata kaɗan. Ya saye ta, ya haɗa da ram ɗin da zai kai ta giga goma sha shida, da sabon batir, da ma'ajiyar nan da ake kira Es-es-di, wadda babu abin da ke juyawa a cikinta balle ta yi ƙara.

A shagonsa ya yi aikin da kansa. Sukuru goma ya kwance, ya jera su a murfin kwalba. Ya cire tsohon faifan ajiyarta ya sa Es-es-di a gurbinsa, ya ƙara ram ɗin, ya share fankar da gashin kaza, ya kankare busasshen man da ke kan furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya shafa sabo. Da ya ɗaure, ta ɗauki arba'in da biyun ta wuce, batir kuma ya yi awa uku da minti goma babu wuta. Duk da haka bai yarda da ita ba. Kwana biyar a jere yana rufe shago bayan azahar, ya kunna makirfo ya ɗauki shiru na minti arba'in, sannan ya sa abin ji a kunne ya saurari shirun daga farko har ƙarshe. Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ba da labari a majalisa cewa Sha'aibu ya fara ɗaukar waƙar aljanu.

Ranar tashi, da hantsi, ya isa rugar a kan babur. Ya durƙusa ya gaida Baffa, aka tambayi gida da iyali, sannan ya kafa makirfo taku biyu daga inda tsohon zai zauna, ya kai laftof ɗin taku takwas can gindin ɗorawa inda akwai inuwa. Baffa ya fara. Idon Sha'aibu na kan agogon kwamfutar. Da aka zo minti na bakwai, inda tsohuwar ta sandare bara, ya ƙara matsawa kusa da ita. Takwas ta wuce, sha biyar, ashirin. A minti ashirin da shida Baffa ya sauke sarewar, jan layin ɗauka yana nan yana tafiya abinsa. Sha'aibu ya adana a wuri uku kafin ya iya cewa alhamdulillahi.

Ya sa wa tsohon abin ji a kunne. Sautin ya fito tas, har jan numfashinsa ana ji, Sha'aibu ya ƙirga hamsin da takwas a fuskar kwamfutar. Cikin ladabi ya yi bayani cewa in ya koma shago zai goge su ɗaya bayan ɗaya, busar ta fito sumul.

Baffa ya cire abin jin ya miƙa masa.

"Kada ka taɓa ko ɗaya, ɗan nan. Wanda zai koya bayana, ta nan zai san inda ake hutawa."

"To Baffa. An bar su."

Tsohon ya dafa sandarsa ya miƙe, ya yi wa 'ya'yansa alama su kora shanun.