Hannun Tarke

Yayana Tarke mai lanƙwasa ƙahon shanu ne, kuma duk garinmu Karma babu kamarsa, ko da yake shi ne zai fara gaya maka haka. Tun maraƙi yana ƙarami yake tsaga gindin ƙahon, ya ɗaure da tsirkiyar fata, kullum yana ƙara ja kaɗan, har ƙahonin su miƙe gaba su kusa haɗewa. Da shanu yake hira, mu kuwa sai ɗaga kai. Matarsa ta mutu wajen haihuwa ta bar masa 'ya ɗaya, Malaye, ni na goya ta.

Shekarar da kogi ya ƙi cika, sha'ir ya ƙone a gona, muka koma tafasa ƙwallon dabino. Malaye ta rame har awarwaronta yana zamewa daga hannu. Tarke ya dinga zarya wurin sarkin shanu, ya yi roƙo, ya yi naci, har aka ɗauke ta cikin masu tatsar nono a gidan sarki. Na ce wa Tarke sarkin nan ya tsufa, tarinsa har bakin kogi ake ji, kuma shi ma ya san inda masu cin tukunyar sarki suke zuwa ranar da ya kwanta. Ya ce baƙin bakina ya yi yawa, yunwa yau take kisa, sarki kuwa ba yau zai mutu ba. Gaskiyarsa ce ta wani ɓangaren. Yarinya ta murmure, ta yi kyau, gurasar da take kawo mana ita ta kai mu cikar kogi ta gaba.

Malaye ta zama budurwa, har an fara yi mana sallama saboda ita, sai sarki ya mutu. Aka fara haƙa kabari, aka fara koro shanun yanka daga ƙauyuka. Aka ce wa mutanen gida su yi wanka su sa duwatsun wuyansu, har da masu tatsa, za a binne su tare da shi, tunda a can ma sarki zai sha nono.

Tarke ya tafi wurin sarkin shanu, ni ina biye da shi. Ya zube ƙasa.

"Ranka ya daɗe, ka sa ni a madadinta. Na iya tatsa, na iya kiwo. Wa zai kula masa da garke a can kamar ni?"

Sarkin shanu ya ce ba za a yi haka ba, sabon sarki yana buƙatar hannun nan nasa, masu tatsa kuwa ga su nan birjik a gari.

Muka dawo gida. Ina tsakar gida ina hura wuta na ji ƙarar, sau biyu. Ya ɗora hannunsa na dama a kan dutsen niƙana, ya sauke masa ɗan dutsen. Wayyo, har yau ba na son ƙarar niƙa. Bai tsaya na duba ba, ya rungume hannun ya koma, jini yana bin sa a hanya.

"To ga shi, ba ni da amfani a nan. Sai a ɗauke ni."

Sarkin shanu ba mugu ba ne, tare suka yi kiwo suna yara. Ya daɗe yana kallon hannun.

"Haba Tarke, me ka yi wa kanka? Ko sa mai karyayyen ƙaho ba ma aika masa. Yaya za mu tura wa sarki nakasasshe?"

Da yamma aka bar Malaye ta zo sallama. An yi mata kitso, an shafe ta da mai. Da ta ga hannun sai ta hau shi da faɗa, ta ce Baba ya girma amma ba ya jin magana. Ita ta wanke, ita ta ɗaure da tsumma, ta ce mini kada in bari ƙuda ya sauka. Ni na yi kuka har na ba ta haushi, shi kuwa ya kasa ɗaga ido ya kalle ta.

Da safe Malaye da sauran mutanen gidan suka shiga dogon lungun kabarin a jere, kowa ya kwanta a gefensa na dama, aka fara zuba ƙasa. Tarke yana cikin masu kallo, don ko kwando ba ya iya ɗauka.

Ya yi tsawon rai, abin da ya fi ba ni takaici ke nan. Hannun ya warke a dunƙule, amma bai yarda an kwance tsumman ba, sai da ya ruɓe ya faɗi da kansa.