Baba Mai Fulawa da Ƙwayoyin Guguwa

Ranar Talata, sha bakwai ga watan jiya, da hantsi, Mai kowa ya karɓi abinsa. Ka faɗi a bakin famfon lambu, Baba, da tiyo a hannunka, kana aman jini. Kafin a samo motar haya rai ya yi halinsa. Motoci uku ne a gidan da kake aiki, amma an ce za ka ɓata kujera. Daga Allah muka fito, kuma can duk muka nufa.

Ni ne likitan dabbobin da ke zuwa gidan da ka shekara ashirin da biyu kana wa lambunsa ban ruwa. Ciwon Guguwa, karen Hajiya uwar gidan, shi ya haɗa mu. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana cinye jininsa, har ya kasa ɗaga kai. Direba ya ce shi ba ya taɓa najasa, mai girki ta ce ba aikinta ba ne. Kai kuwa ka ajiye almakashin shuka, ka ce rai ne, ka tsuguna.

Na yi maka bayani sau ɗaya, ban sake ba. Ƙwayar da ke danne garkuwar tana kankare ciki, saboda haka sai an fara ba shi maganin kare ciki, a jira rabin awa, a ba shi abinci, sannan babbar ƙwayar. Kada a kuskura a ba shi maganin ciwon jiki na kemis, zai huda masa ciki. Ba ka da agogo, ba ka karatun boko, sai ka auna da inuwar katanga: in ta taɓa famfo a ba shi ta farko, in ta kai tukunyar fure ta biyu a kawo kwano. Wata biyar, ko sau ɗaya ba ka yi kuskure ba. Ina da abokan aiki masu takardun shaida da ba su kai ka ba, wallahi.

Ni na koya maka alamun haɗari. Na ce ka riƙa ɗaga leɓensa, in dasashi ya yi fari fat jini ya yi ƙasa. Na ce ka duba kashinsa kowace safiya, in ya yi baƙi kamar kwalta ciki ne ke zubar jini, a kira ni nan take.

Wata ranar Asabar ina ɗibar jinin Guguwa, kana riƙe da kansa a cinyarka, ka yi ƙasa da murya.

"Likita, wannan baƙin da ka ce a duba, in a mutum ne fa? Maganin cikin nan, mutum na iya sha?"

Na san kullum kana haɗiyar maganin ciwon baya da ruwan famfo, ciki ba komai, don na sha ganin ledarsa a aljihunka. Duk da haka abin da ya fito daga bakina shi ne:

"Ni fa likitan dabbobi ne, Baba, sai dai in ka yarda in yi maka kati irin na Guguwa."

Hajiya tana kan baranda, ta yi dariya har da buga cinya. Kai ma ka yi murmushi, ka ba ni haƙuri. Daga ranar ta ɗauke kwalbar maganin Guguwa daga ɗakin ajiya, ta ce tunda ka fara tambaya za ka fara ɗiba. Ta koma miƙo maka ƙwaya ɗai-ɗai ta taga, tana tsaye har sai ta ga ta shiga bakin kare. Sau ashirin da wani abu na ɗaga leɓen Guguwa ina duba jininsa, ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskar mai riƙe da shi ba. Ina jin kunyar wannan, kuma ba na neman a rarrashe ni.

Da aka shiga aka gaya wa Hajiya ka faɗi, mai girki ta ce tambayar farko da Hajiyar ta yi ita ce ko ka ba kare abincinsa na safe. Ka ba shi, Baba. Kwanon ma a wanke yake, a kife a inda ka saba kife shi. Washegarin jana'izarka Hajiya ta kira ni in zo in koya wa sabon mai lambu. Na je, na auna jinin Guguwa, ya dawo daidai. Ta ce lallai hannuna na da albarka.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka. Ya sa tausayin da ka nuna wa dabbar da ba ta iya godiya ya tsaya maka ranar da za a tambayi kowa. Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinka da 'ya'yanka mata huɗu, Allah ya ba su haƙuri, ya zama gatansu. Iya, matar Baba, kin riƙe hannuna a zaman makoki kina sa mini albarka, kin ce kullum yana ba ki labarin likita mai kirki. Na kasa gaya miki a gaban mutane, shi ya sa na rubuta. Mijinki ya tambaye ni, na mayar da shi abin dariya. Ki yafe mini in za ki iya.